Kwafin da Kawu Sale ya hana a yi

Yaya Nura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Zainab da yara. Ya Legas, ya aiki? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka. Tsawa ta ƙona kwamfutar ƙungiyar manoman rani, ta tafi da rajistar filaye da ranar ban ruwan kowa. Kawu Sale, da ya ƙwace maka kujerar sakatare, ya bugi ƙirji gaban mutane wai akwai kwafi. Ka tuna ka saita kwamfutar tana kwafe komai da kanta zuwa wata na'urar ajiya duk Juma'a ƙarfe biyu, lokacin kowa yana masallaci? To shi kafin ya tafi masallaci sai ya kashe ta, wai kada batirin sola ya ƙare. Da aka duba, kwafin ƙarshe na makon da ka tafi ne. Har matattu suna da ranar ban ruwa a ciki.

Jiya manoma suka tsare shi a ƙofar ofis, hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauko masa. Na tsaya na kalla har ƙarshe. Ni ke share ofishin, tun bara na san yana kashe kwamfutar, ban ce masa uffan ba.

Zai kira ka neman taimako. Kada ka ɗauka.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Tumatirinmu ma yana jiran ruwa, amma ya jira.

Ƙanwarka,
Hadiza