Sunanka Yana Jikin Bangon

San Isidro, 3 ga Maris

Yaya Evaristo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Ina iyali?

Jiya na shiga tsohuwar maƙabarta. Shekara takwas ke nan da aka kwashe ƙasusuwa aka mai da ita lambun tunawa, sai jiya na leƙa. Inda kabarin Baba yake, benci ne yanzu. Na zauna a kai na ɓare lemo na sha. Na yi ta jiran kuka, bai zo ba.

Can ƙarshen lambun akwai bango mai sunayen waɗanda suka ɓace lokacin yaƙi. Na nemi na Tobías, abokinka da sojoji suka ɗauke ranar da ka gudu. Na same shi. A ƙarƙashinsa ga naka: Evaristo Quintero, 1989.

Tsohon da ke ban ruwa ya ga na daɗe tsaye, ya ce, "Baiwar Allah, naki ne?" Na ce yayana ne. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Na ce amin. Ban gaya masa kana Guayaquil kana gyaran firji ba.

Ka san da wannan?

Ƙanwarka mai gaisuwa,
Rosalba

Guayaquil, 21 ga Maris

Rosalba,

Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi.

Na sani. Ni sojojin suka zo nema, suka tarar da Tobías a ɗakina yana jirana. Mama ta baza cewa tare aka tafi da mu, ta sa baƙaƙen kaya shekara guda, don masu kai rahoto su daina sa wa gidanmu ido. Ke kina ƙarama, an ja miki kunne kawai. Da masu tattara sunaye suka zo, Doña Casilda, uwar Tobías, ita ta ba da namu tare. Mama tana wurin, ta kasa buɗe baki.

Ki gai da mijinki.

Evaristo

San Isidro, 9 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Na koma ranar Lahadi, na tarar da Doña Casilda. Shekararta casa'in da ɗaya, a keken guragu ake kawo ta. Da hankici take goge sunayen, na ɗanta da naka. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, abin da ya riƙe ni shi ne ba shi kaɗai ba ne. Evaristo ba ya barinsa." Na ce haka ne.

Na karɓo takardar cire suna daga ofishin lambun, ga ta nan ciki. Sa hannunka kawai suke so. In an cire, za ka iya zuwa gida da fuskarka. Amma gurbin sunan zai fito fili, kuma idon Doña Casilda garau yake.

Ka huta lafiya.
Rosalba

Guayaquil, 2 ga Mayu

Ƙanwata,

Takarda ta iso. Na sa ta a aljihun tebur. A bar sunan muddin Doña Casilda tana da rai.

In kin je Lahadi, ki tura mata keken.

Yayanki,
Evaristo