Ƙofar Kudu

Sharja, farkon Maris

Zuwa ga yayata Ambili,

Ceci, kamar yadda muke kiran yaya a yarenmu, gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yara. Na rubuto ne don a waya ba dama. Kin san gidan nan, ko tari na yi a banɗaki sai Mama ta ce sannu.

Shagon ɗinkin da Baba ya tsufa a cikinsa zai sallame shi kafin zafi ya shigo. Takardar zamansa ta shagon ce, ta Mama kuma a jikin tasa take. Ana sallamarsa sai jirgi. To na samo mafita. Akwai gida na sayarwa a wani dogon bene a Ajman, garin da ke kusa da mu, ɗaki biyu da falo, banki kuma sun yarda da albashina. In na mallake shi sai in mayar da takardunsu ƙarƙashina su zauna. Unguwar duk namu ne, 'yan Kerala. Mai shagon ƙasa ɗan Kannur ne, yana kawo irin kifin da Mama ke so. A lif ma sai ki wuni ba ki ji Larabci ba.

Mai gidan wani dattijo ne ɗan Pakistan, Alhaji Gulzar. Na kai su Baba su gani. Mama har ta zaɓi inda za ta sa tukwane. Alhaji ya zuba shayi, sai Baba ya ce, "Alhaji, in za ka yi salla ina kake kallo?" Bawan Allah ya nuna masa yamma. Baba ya juya can, ya miƙa hannun hagu, hannun ya faɗa daidai ƙofar shiga.

"Kudu," in ji shi. "Ta nan mai ɗaukar rai yake shigowa. Tashi mu tafi."

Alhaji ya shafa ciki ya ce, "Haba Malam tela! Ni da nake shige da fice ta nan kullum, ga ni ga tumbina."

Baba ya ce, "Kai naka daban." Ko shayin bai taɓa ba.

Ai don kudun nan ne ma kuɗin ya sauko har ya zo daidai aljihuna, mutanenmu duk sun guje shi. Na sayo littattafan tsarin gini na gargajiyarmu wajen 'yan gwanjo na unguwar Rolla na karance su, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Na kawo wa Baba, ya ce wanda ya gudu daga makaranta ya koma sayar da kayan mota ba zai koya masa gabas da yamma ba.

Ceci, a garin nan aka haife ni, na iya zagi da yare biyar, amma har gobe baƙo nake. Kerala kuwa me na sani a cikinta ban da sauro da dangi masu leƙen akwati? Sau ɗaya dai ina so in rufe ƙofar da babu mai ce min tashi.

Ki taimake ni. Ki je wajen tsoho Kunjappan kafinta, wanda ya aza wa Baba harsashin gidansa na can. Maganarsa kaɗai yake ji.

Ƙaninki,
Sanup

*

Talasheri, Kerala, tsakiyar Maris

Ƙanena Sanup,

Bayan gaisuwa da fatan kana cin abinci a kan lokaci. Wasiƙarka ta iso, na karanta, na kuma ɓoye ta. Ka riƙa sassauta harshe a kan mahaifinmu, ko a takarda ne.

Na je wajen Kunjappan da ganyen taunawa da ɗan goro. Ya tsufa sosai, sai an ɗaga murya. Ya yi dariya ya ce gidan da ke rataye a sama ba shi da ƙasa, balle kusurwa. A irin wannan bene, in ji shi, babbar ƙofar da kowa ke shiga ta ƙasa ita ake dubawa. Sai ka duba ina ta kalla.

Gidan Baba yana nan yadda ka san shi, a kulle. Nakan je in buɗe tagogi ya sha iska. Jemagu sun tare a ɗakin da aka ce naka ne.

Ka gaida Mama, ta riƙa shafa man ƙafarta.

Yayarka,
Ambili

*

Sharja, ƙarshen Maris

Ceci,

Gaisuwa. Gabas! Babbar ƙofar gabas take kallo, rana na fitowa a goshin mai gadi take sauka. Har alewa na saya a hanya.

Na tarar da Baba yana gyara wuyan wata riga. Na faɗa masa abin da Kunjappan ya ce. Bai ɗago ba. Ya ciji zare ya ce, "Ɗakin girkin fa? A kusurwar ruwa yake, ba a hura wuta a nan."

Na ce, "Sai mu jawo murhu falo."

"Banɗakin ma bai yi ba."

"To sai mu daina shiga, Baba. Mu riƙe."

Mama ta ce, "Kai, Sanup, ubanka ne fa!"

Na ce na sani, shi ya sa nake neman inda zan ajiye shi. Na ce ya gina ƙaton gida mai kallon gabas, an auna kowace kusurwa, an kira masu addu'a, wa ya amfana? Jemagu. Mu kuwa mun girma a ɗaki ɗaya, ke a kan gado ni a ƙarƙashin keken ɗinki. Ya ninke rigar ya fita. Tun ranar sai dai ya ce wa Mama, "Gaya wa mai gidan sama a rage fanka."

Alhaji Gulzar ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ina son ka, amma akwai wani ɗan Dhaka da ke ta zarya, shi ko ƙofar rami take kallo bai damu ba." Ya ba ni zuwa sabon wata.

Ki koma wajen tsohon ki tambayo maganin ɗakin girki. Ko madubi ne, ko jan ƙarfe, ko me ake binnewa, zan saya.

Sanup

*

Talasheri, farkon Afrilu

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Na daɗe da biro a hannu kafin in fara.

Na koma. Kunjappan ya ce kada in ƙara zuwa da wannan magana, don Baba ya bugo masa waya ya yi masa faɗa. Na matsa, sai ya maimaita min abin da Baba ya ce: "Wa ya aike ka ka ba shi hanya? Ko ƙofar zinariya ce ka ce ba ta yi ba. Yaron da ya sayi gida a can ya tafi ke nan. Wa zai sa wa gawata wuta?"

Sanup, ka tuna mangwaron da ke kudancin filin gidan? Baba ya dasa shi tun kafin a yi rufi. Ya hana a sare ko reshe. A wajen aka ƙona gawar kakanmu, da icen mangwaro, Baba kuma yana Sharja, mai shago ya hana shi fasfo. Ɗan maƙwabci ne ya riƙe wutar, aikin da ɗan mamaci ya kamata ya yi. Kai kana goye lokacin. Baba ba ya faɗa, amma Mama ta ce har yau yakan yi zancen cikin barci.

Kuma akwatuna sun fara isowa ta jirgin ruwa. Keken ɗinkin ma ya zo. Baba ya sa an yi wa gidan fenti. Ko ka saya ko ba ka saya ba, su dai tahowa za su yi. Abin da yake so ka biyo su. Na san babu aikin da zai riƙe ka a nan, maigidana ma neman hanyar fita yake. Ban san me zan ce maka ba. Na ga dai bai kamata ka yi ta yawon neman madubi ba.

Ka yafe min. Ka yafe masa in za ka iya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ambili

*

Sharja, Mayu

Ceci,

Gaisuwa. Na san sun iso, Mama ta kira.

Kafin su tafi na ce masa, "Baba, jirgi ne fa, in aka kira ni da safe kafin yamma na iso." Ya ce, "Ni ma haka na ce wa nawa uban."

Ban sa hannu ba. Me zan yi da ɗaki biyu? Ɗan Dhaka ya tare, na ga shanyarsu a baranda. Na kama gado a wani ɗaki bayan shagonmu, mu shida, nawa ne na sama. Littattafan na bar wa mai gadi.

Ki gaya wa Baba ban sayi gidan ba, hankalinsa ya kwanta. In ya tambaye ki yaushe zan zo, ki ce masa ai shi ya sa ranar: ranar da za a nemi mai riƙe masa wuta.

Ƙaninki,
Sanup