Ɓawon da Ya Rage a Jikin Hanon Lambu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Lambun Itatuwa na garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa gare ka da sauran 'yan kwamiti, zan fara da abin da idona ya gani, domin kada ra'ayina ya riga shaidata.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar La'asar, na kai mahaifiyata lambun kamar yadda muka saba. Mun shiga ta babbar ƙofa, muka bi hanyar da ta ratsa itatuwan 'ya'ya, wajen magarya da aduwa da kanya, sannan muka karya hagu zuwa ɓangaren itatuwan magani. Inna ba ta gani sosai yanzu, da tafin hannu take gane itace. Da muka isa wurin hanon da ke kusa da shingen waya na kudu, na tarar an shafe gindinsa da farar ƙasa har zuwa ƙugun mutum, kamar sauran itatuwan bakin hanya, saboda baƙin da aka ce suna tafe. Daga nesa ya yi kyau. Inna ta ɗora hannu a kansa, ta bi shi da yatsu tana kewayawa, sai ta tsaya. Ta ce, "Malam, ƙashi nike taɓawa. Ina hwatar?"

Na kankare farar ƙasar da farce. A ƙarƙashinta an sassaƙe ɓawon kusan kewaye da gindin. Abin da ya rage tsiri ɗaya ne ta arewa, faɗinsa kamar tafin hannuna. Ta wannan tsirin kaɗai itacen yake raye. A bayansa kuma an buɗa shingen daidai yadda mutum zai sunkuya ya wuce.

Wannan shi ne abin da na gani. Abin da zai biyo baya fahimtata ce, kuma ina iya yin kuskure a cikinta.

Na farko. Ya kamata in faɗi abin da ya haɗa ni da wannan itace, don a auna maganata da shi. Lokacin da aka buɗe lambun, an roƙi mutane kowa ya kawo irin itacen ƙauyensu. Inna ta sa aka saro reshe daga hanon da ke shingen gidan mahaifinta, a wani ƙauye na ƙasar Korgom, aka ɗoro shi a amalanke, ta kafa shi da hannunta a inda yake yau. Gidan ya zama gona, uwar itacen ta daɗe da mutuwa. Ban ce hanon namu ne ba. Tun ranar da aka dasa shi ya zama na gari. Ina cewa ne kawai babu wani irinsa a lambun, kuma Inna ba ta da wani abu na gidan mahaifinta da za ta iya taɓawa in ba shi ba.

Na biyu. Sassaƙe ba sabon abu ba ne a lambun. Shekara da shekaru mata suna zuwa neman ɓawon hano, musamman don mai jego. Suna shigowa ta ƙofa da rana, a gaban mai gadi, su ɗebi kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, kamar yadda kowa a ƙasar nan ya taso ya ga ana yi, su bar kudu da arewa. Kafin wata shekarar gurbin ya cike. Itacen ya girma a haka, tabonsa a gefe biyu, bai taɓa fashin fure ba.

Na uku. Bayan girbin bana kwamiti ya kafa allo a ƙofa, da Hausa da Faransanci, cewa an haramta taɓa kowane itace. Na fahimci dalilin. 'Yan lakwal, yaran makarantar boko, suna zuwa karatu a wurin, kuma lambu ba daji ba ne. Amma allon bai rage masu haihuwa a gari ba. Na san wata maƙwabciyarmu da 'yarta ta haihu, ta je ƙofa aka mayar da ita. Ban ce ita ce ta buɗa shinge ba, ban ma san ko wane ne ba. Abin da na sani shi ne wanda ya shigo ta ƙofa yana da lokacin neman gabas da yamma. Wanda ya shigo ta ɓula yana waiwaye, inda gatarinsa ya sauka nan yake ɗiba, kuma yakan ɗebi da yawa don kada ya sake dawowa. Dokar da aka yi don kare itacen ita ce ta kore idon da yake kare shi.

Na huɗu. Farar ƙasa. Na tambayi gardin da ke gadin ƙofa ko ya ga raunin kafin ya shafa. Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal irina, ya ce, "Mushe, an ce in hana, na hana. An ce in shafa, na shafa." Ba na ɗora masa laifi, kuma ina roƙon kada a ɗora masa. Amma a sani cewa an rufe ciwo da kwalliya, kuma da ba don hannun makauniya ba, da har yau babu wanda ya sani.

Ranka ya daɗe, ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban taɓa rubuta irin wannan wasiƙa ba. Na fara zuwa biro, wato ofishin kwamiti. An karɓe ni da mutunci, aka ce kwamiti zai zauna bayan baƙi sun tafi. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Ina biyawa ta lambun kafin in shiga aji, ina sake biyawa idan na tashi, in ɗora hannu a kan tsirin in auna. Duk shigar da zan yi gida, Inna takan ɗago kai ta ce, "Ya mai jiki?" Sau da yawa na yi tunanin in ɗauki adda in saro reshe in dasa a gida. Na san inda ɓular take. Abin da ya hana ni shi ne, idan na bi ta can, ba ni da bakin rubuta maka wannan.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A toshe ɓular, a kewaye gindin hanon da ƙaya, yau, ba bayan baƙi ba. A wanke farar ƙasar daga kan raunin, a lulluɓe shi da laka, a ɗaure da tsohon buhu. A ba da izini a sari rassa kaɗan a kafa su a wani gefen lambun, tunda hano yana kamawa daga reshe; idan babu mai yi, ni zan yi a gaban gardi. Sannan a sake duba dokar allo. A ware rana ɗaya a mako da mai bukata zai shigo ta ƙofa ya ɗebi gabas da yamma daga itatuwan da ke da lafiya, ido na ganinsa. Shi kuwa hanon, a bar shi ya huta har ya warke, in yana da sauran kwana.

Idan baƙin sun tambayi dalilin da ya sa itace ɗaya yake ɗaure da buhu a tsakiyar farare, ina ganin amsar ba za ta kunyata kwamiti ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ba ka lafiya da mashawarta nagari, ya sa inuwar lambun ta zama sadaka mai gudana gare ka da waɗanda suka riga ka.

Wassalam.

Sanusi Mamman Lawali

Gyara: a sama na rubuta cewa faɗin tsirin kamar tafin hannuna ne. Haka yake ranar Asabar. Na koma da safiyar nan kafin in miƙa wasiƙar. Yatsu uku ne. Ban faɗa wa Inna ba tukuna.