Yatsu Huɗu a Kan Injin Yanka Takarda

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Mai Gabatar da Ƙara,
Ma'aikatar Shari'a.

Daga:
Matar mai maɗaba'a,
Shago na 14, Layin Masu Ɗab'i.

Litinin, 10 ga Maris.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Datse yatsun mijina da 'yan dabar Jar Hula suka yi, da ƙin karɓar ƙararmu

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Shekara goma sha tara ni da mijina muna sana'ar ɗab'i, shi a kan inji, ni a wajen naɗe kaya. Ba mu da jam'iyya. A wannan kakar zaɓe mun buga wa ɗan majalisa mai ci fastoci, mun kuma buga wa abokin hamayyarsa, kamar kowane shago a layinmu.

2. Mu masu ɗab'i ba ma zubar da takardar da ta lalace a inji, da ita muke naɗe kayan da aka gama. Ranar Litinin, 3 ga Maris, na naɗe ɗauri ashirin na fastocin ɗan majalisa da lalatattun fastocin abokin hamayyarsa. Ban ko duba ba, hannu ne ya saba. Ina roƙon a rubuta wannan da kyau: ni na naɗe, ba mijina ba.

3. Ranar Talata, 4 ga Maris, da ƙarfe sha ɗaya na safe, mutum bakwai 'yan dabar Jar Hula suka shigo mana da gora da adduna, jagoransu wanda ake kira Kwalba yana gaba. Wai mun lulluɓe maigidansu da fuskar maƙiyinsa don a yi masa dariya. Suka rufe mijina da duka har haƙoransa biyu suka faɗo. Mutum biyu suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a ƙarƙashin wuƙar injin yanka takarda, Kwalba ya ja ƙarfen da kansa. Yatsu huɗu suka gangaro kan tebur, jini ya wanke fastocin da suke faɗa a kansu. Ina ihu ina cewa ni ce, suna dariya. Maƙwabta duk suka ja ƙofofinsu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa yana son yatsunsa.

4. Ranka ya daɗe, waɗannan ba ɓatagarin kan hanya ba ne. Su ke sayar da ƙwaya a bayan tasha, kowa ya sani. In zaɓe ya ƙarato sai a ɗinka musu riguna, a ba su mota. A farar motar da ke ɗauke da hoton ɗan majalisa suka zo, a cikinta suka tafi, ko sauri ba su yi ba.

5. Ranar Laraba, 5 ga Maris, na kai ƙara ofishin 'yan sanda. Jami'in da ke kan kanta ya ce sai wanda aka ji wa rauni ya sa hannu da kansa. Ranar Juma'a, 7 ga Maris, na ɗauko mijina daga gadon asibiti, ya yi ƙoƙari da hagu. Jami'in ya ce sa hannun bai yi kama da na katin shaidarsa ba, ya turo mana takardarmu. Da muka fito, ga Kwalba a benci yana shan shayi da 'yan sanda biyu. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi wa mijina sannu da jiki, sannan ya ce in ya sake jin labarin wata takarda, zai dawo karɓar hagun da zarar an gama zaɓen Asabar, 15 ga wata.

Don haka ina roƙon Mai Girma da ya sa a karɓi ƙararmu, a kama Kwalba da mutanensa, a binciki wanda ya ba su motar, a kuma ba mijina kariya kafin Asabar. Ban wanke injin ba, ko da yake ƙudaje sun dame mu, domin a turo wanda zai gani da idonsa.

Na san abin da wannan takarda za ta iya jawo mana. Na karanta wa mijina ita sau biyu, na ce in yana tsoro in yaga. Tawada kawai ya nema.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Maman 'Yan Biyu, matar mai maɗaba'a.

A ƙasa, dangwalen mijina ne, da babban yatsan hannun hagun da ya rage masa.