Na Wanke 'Yar Ikko da Tsamiya

Zuwa ga Kakana, kuma Angona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima da hasken makwanci. Yau kwana arba'in da uku da rasuwarka. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, don haka zan ajiye ta a shafina, inda ƙawayena masu karatun littattafai za su gani. Su yi haƙuri, yau ba labarin soyayya na kawo ba. Laifi na yi maka, kuma tun da na yi shi na kasa zama wuri ɗaya.

Ka tuna faifan nan da wani direba ya tura maka a waya bara? Kiɗan jaz, mutum huɗu, babu mai waƙa ko ɗaya. Tsoho mai farin gemu yana busa saksofon, samari uku suna bayansa: mai fiyano, mai ganguna, da mai wani ƙaton goge da ake tsayuwa a kaɗa da yatsu. Kullum bayan la'asar sai ka jingina da bangon zaure ka kunna. Ni kuma ina bakin ƙofa da littafina, ina yi kamar karatu nake.

Ranar da ka kama ni, cewa ka yi: "Amarya, shafin ga tun ɗazu ba ki juya shi ba. Taho ki ji da kyau."

Na zo. Ban gane komai ba da farko, kamar mutum huɗu suna gardama a tasha. Sai ka ɗaga yatsa a inda busar ta ɗauke, ganguna suka cika wurin. Ka ce: "Kin ji tsohon ga ya yi shiru? Ba gajiya yay yi ba. Hanya yab ba yaro."

Tun daga nan nake ƙirƙira wa kowane kiɗa labarinsa. Na uku, mai sanyin nan, na ce maka wata ce take jiran jirgin ƙasan da ba zai zo ba. Ka yi dariya har da tari, ka ce ai duk garinmu Ƙaura ita ce wannan yarinyar.

A ranar ka buɗe mini baƙin akwatin da ke ƙarƙashin gadonka. Taka saksofon ɗin, wadda kake kira 'Yar Ikko, don can ka sayo ta lokacin da kake aikin reluwe, kuna kiɗa ku huɗu a kulob ɗin ma'aikata. Ka ce in ka tafi tawa ce. Baba bai hana ba. Bayan rasuwarka da kansa ya kawo akwatin ɗakina.

To, ga laifin, Kaka.

Saƙo ya zo daga Zurmi cewa abokinka Baba Ɗanjuma, mai gangarku, wanda shi kaɗai ya rage cikinku, zai zo addu'ar arba'in, kuma yana so ya ji muryar 'Yar Ikko ko sau ɗaya. Na buɗe akwatin na gan ta ta dushe, duk ta yi baƙi-baƙi. Ta tsohon faifan kuwa a hoto sai ƙyalli take. Na ji kunya a ce baƙo ya zo ya tarar da ita haka.

Sai na yi mata abin da muke yi wa kwanon tagulla. Na jiƙa tsamiya a babbar roba, na tsoma ta gaba ɗaya, na bar ta daga hantsi har azahar. Na dirje ta da toka, na shanya a rana. Wallahi ta yi kyau, har fuskata nake gani a jikinta.

Da na ɗauke ta sai wasu 'yan fatu zagayayyu suka fara zubowa. Ashe a ƙarƙashin kowane murfi akwai fata mai toshe iska. Sun sha ruwa, sun kumbura, rana ta ƙanƙance su. Na sa baki na hura yadda na ga kana yi. Iska kawai. Fuuu, kamar mai hura wuta.

Kwana biyar ban gaya wa kowa ba. In ɗauki littafi in ajiye. In fara shara in bar tsintsiya a tsakar gida. Faifan ma na kasa ji, da tsohon ya fara busa sai in kashe. Na tara fatun a gwangwanin man shafawa, ina buɗewa ina rufewa kamar kallo zai gyara su.

Ka san ni da magana. Ko aike aka yi ni shago sai na maimaita abin da zan faɗa tun daga gida. Amma ranar Alhamis na bi Goggo Luba kasuwar Shinkafi, akwatin a kan cinyata, a hanyar nan da kowa ke shiga da addu'a a baki. Na tsaya gaban wani baduku mai ɗinkin kube, na faɗa masa komai. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa yi wa algaitar Turawa takalmi ba, amma fata fata ce. Ya fere fatar akuya har ta yi laushi, ya yanka ɗaya bayan ɗaya daidai da tsofaffin, ya liƙa da ƙaro. Goggo ta gama cefane ta dawo sau biyu tana harara, ba mu gama ba.

Baba Ɗanjuma ya zo. Mahaifina ya ce ba za a busa a gidan makoki ba, don haka washegarin addu'a da hantsi muka tafi tsohuwar tashar jirgi, ni da Baba Ɗanjuma da Goggo, muka zauna a inuwar wani tarago da ciyawa ta fito a cikinsa. Kafin ya buɗe akwatin na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallon jajayen fatun, sannan ya ce kai ma ka taɓa toshe ɗaya da guntun robar silifa, ka yi shekara kana busawa a haka. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba, Ango?

Ya sa baki ya busa. Kaka, ta yi magana! Muryar ta dushe, iska tana tsiyaya ta gefe kamar numfashinka na ƙarshe-ƙarshen nan, amma ita ce. Sau uku ya busa, numfashinsa ya ƙare, ai shi ɗan ganga ne. Ya sauke ta yana haki. Na zaci mayarwa zai yi akwati.

Sai ya goge bakinta da hannun rigarsa ya miƙo mini, ya fara buga gefen taragon da tafin hannu, a hankali, yana jira.

Abin da ya fito daga bakina, awakin da ke kiwo kan layin dogo sai da suka watse. Goggo ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa bai daina bugawa ba, sai na sake busawa.

Har yanzu ban natsu ba, amma wani iri ne daban. Yatsuna suna taɓa murafan da babu a kan tabarma, a kan tulu, a bayan littafi. Na koma jin faifan. Ban san ko mahaifina zai bar ni in koya ba, gobe nake so in tambaye shi, kuma tun jiya nake maimaita maganar.

Ka yafe mini tsamiyar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa iskar Aljanna tana ratsa shi. Allah Ya ƙara wa Baba Ɗanjuma lafiya da numfashi. Amin.

Taka har kullum,
Amaryarka mai korar awaki,
Rabi'atu
Ƙaura Namoda