Tsani Don Tsohon Biri

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Biranka sun dame ni. Kullum sai sun haye bishiyar nan mai jan fure, su tsotse, su yi watsi da rabi. Ka san ita kaɗai ta rage a gandun dajin da kake kula da shi. Mu masu binciken tsirrai mun duba, ba ta da 'yar'uwa ko ɗaya a danginta. Biranka kuwa, ko sun ƙare, 'yan'uwansu na nan birjik a wasu dazuzzuka. Ina buƙatar ƙwayar irinta bana, don ta fara ruɓewa daga gindi. Ka kwashe su.

Yayarka ba ta roƙo sau biyu. Ka huta lafiya.

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Na ga saƙo, har da faɗan. Su ma birai masu farin gemu ba yawa gare su ba, suna cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Dangi na nesa kuma ba ya zama kai, in ba haka ba da sai in aiko miki ɗan kawu ya maye gurbina. Amma tun muna yara ban taɓa cin ki a gardama ba. Za mu kai su babban daji mu sake su.

Ƙaninki.

Auta,

Ina gaisuwa. Bishiya ta yi furen da ban taɓa gani ba, babu wanda ya taɓa shi. Yanzu yana zubewa, ko kwanson iri ɗaya bai ɗaura ba. Na koma kan hotunan bara, sai na ga kowane biri hancinsa rawaya da garin fure. Ashe su ke yi mata barbara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Furen reshen sama ne kawai ya rage. Ka dawo da su.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaishe ki. Sun bazu a daji, ba mai iya kamo su. Sai tsoho guda da na bari a keji saboda ƙafarsa ta karye. Gobe zan kawo shi. Ba ya iya hawa yanzu, ki nemo masa tsani.

Ƙaninki.