Kada Inna ta sake taɓa amyoyin

Baban Pao,

Na wuce kasuwar Meo Vac, mota ba ta jira. Jiya kana gona Inna ta kwashe ƙananan amyoyin nan huɗu, na sarauniyoyin zuman da muka ajiye saboda ko-ta-kwana, ta jera su gefen murhu. Wai suna jin sanyi, abin tausayi. Ɗumi ya ruɗi ƙudan zuman suka fito, hayaƙi ya gama da su. Sarauniya biyu sun mutu.

Na mayar da sauran gindin katanga, na kare su da karan masara. Ka yi mata magana da kanka, ni ta ce ba ni da imani. Ka hanzarta, don na ga ta fito da bargonta za ta lulluɓe su. In ta toshe musu ƙofa, shi ke nan.

Chia